Ado da Kunya: Kishiyoyi ne ko Ya da Ƙanwa?

Duk wanda ya taɓa zama a garin Lafiya cikin watan Maris ya san rana a nan ba ta jiran hantsi kafin ta nuna halinta. Tun ƙarfe takwas na safe gumi yake fara tsattsafowa, kafin azahar kuwa ma'aunin zafi ya haura digiri 35. Idan damina ta kawo jiki sai iska ta yi nauyi, ta cika da laima irin ta ƙasashen da ke kusa da kogin Binuwai, har mutum ya ji rigar jikinsa ta zame masa kaya. A irin wannan safiya ce muka tsaya a bakin ƙofar makaranta muna kallon ɗalibai mata suna saukowa daga Keke Napep. Ta farko ta sa baƙar doguwar riga ta auduga, marar kwalliya, ta ɗora mata wata buɗaɗɗiyar riga ta atamfa wadda teloli ke kira kimono, ta naɗa gyale ruwan ƙasa bisa hular ciki ta kama shi da fil, ƙafarta cikin farin kambas, ga jakar littattafai a baya. Ta biyu hijabi ne ruwan toka tun daga ka har idon sahu. Ta uku wando ne mai faɗi da riga har gwiwa da ɗankwali, ta huɗu kuma, wadda sarƙar wuyanta ta nuna Kirista ce, bubu ta zuba mai yalwa. Keke ɗaya ya kawo su, suna hira suna dariya.

A kan ta farkon nan muka ji magana biyu a rana ɗaya. Wani dattijo ya kaɗa kai ya ce wannan ai ba sutura ba ce, talla ce, domin mai son ta rufe jikinta ba ta tsayawa zaɓen launi. Jim kaɗan wata malama, wadda ta yi karatu a waje, ta ce ita tausayin yarinyar take ji, da za a ce mutum ya jibga tufa uku cikin wannan zafi don kawai ya gamsar da idon jama'a. Da muka zauna muka auna, sai muka ga mutanen nan biyu, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan abu guda. Kowannensu ya ɗauka cewa ado da kunya kishiyoyi ne, ba sa zama ɗaki ɗaya, idan ɗaya ta shigo dole ɗayar ta fita. Dattijon yana so a kori ado, malamar tana so a sallami kunya. Mu kuwa muna shakkar tushen maganar tasu baki ɗaya.

Bari mu fara da harshe, tun da shi ne sana'armu. Bahaushe yana da kalmar tufa, yana da kaya, amma idan ya tashi girmama abin sai ya ce sutura, kalmar da ya aro daga Larabci, wadda asalinta rufewa ne da sakayawa. Abin lura shi ne bai tsayar da ita a kan ƙyalle ba. Idan ya yi addu'a yakan ce Allah ya yi mana sutura, ba kuwa riga yake roƙo ba, yana nufin kada a ga wallensa. Idan mutum ya rasu, wanka da likkafani da binnewa duka sunansu sutura. Ashe a tunanin Bahaushe sutura ita ce duk abin da ke tsare mutuncin ɗan Adam daga tozarta, tun yana raye har ya koma ga Mahaliccinsa. Haka ita ma kunya. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya jera kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da sauransu. Bai ware ta ga mata ba, kuma bai raba ta da hankali ba. Kunyar da babu hankali a cikinta ƙauyanci ce ko tsoro.

Masu cewa a koma ga suturar iyaye da kakanni, ya kamata mu tambaye su wace ce daga ciki. Da yawa daga cikinmu mun tarar da kakanninmu da ɗaurin ƙirji a tsakar gida, idan za su fita su yafa wani zanen a ka, su ɗaura fatala. Iyayenmu suka zo da riga da zane da kallabi da gyale. Hijabin da ake ɗinkawa a zura ta ka bai yaɗu a ƙasar nan ba sai wajen shekarun 1980, tare da bunƙasar makarantun Islamiyya da wa'azin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a 1978 a Jos, babban birnin jiharmu a wancan lokaci, kafin a yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996. Abaya kuwa alhazai da 'yan kasuwar Jidda da Dubai ne suka cika mana kasuwa da ita. Ita kanta atamfar da muke rantsuwa da ita a matsayin kayan gargajiya, asalinta kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Jaba ne na ƙasar Indunusiya, wanda masaƙun Turai suka mayar na inji, kamar kamfanin Vlisco na ƙasar Holan da ya faro tun 1846. Nan Lafiya ma, garin da Barebari suka kafa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, ba mu rasa abin tunawa ba. Lafaya, doguwar ƙyallen nan da matan Barno ke naɗewa da ita tun daga ka har ƙafa, yau ta zama abin yayin amaren Hausawa, kuma babu wanda zai kalli mace cikin lafaya ya iya nuna inda rufin jiki ya ƙare ado ya fara. Gaskiyar masu iya magana da suka ce zamani riga ne. Abin da bai sauya ba a duk waɗannan zamunna shi ne ɗabi'ar ɗora wani abu bisa wani, na ciki don jiki, na waje don fita. Ɗalibar nan mai kimono ba baƙon abu ta ƙago ba, hannunta ne kawai ya bambanta da na kakarta.

To, sai maganar malamar, wato batun zafi, kuma ba magana ce ta yasarwa ba. Jiki amana ne, yana da haƙƙi a kan mai shi. Mun sha ganin ɗaliba ta fito daga ɗakin lacca mai cunkoso, babu wuta babu fanka, ta jiƙe sharkaf, wuyanta duk ƙurajen zafi, kanta na sarawa. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, to bai taɓa sa hijabin roba da tsakar rana ba. Sai dai idan aka bi diddigi, laifin ba na yawan tufa ba ne kamar yadda yake na irin yadin da irin ɗinkin. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi a hamadar Negeb kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye ke sa baƙaƙen riguna cikin rana. Abin da aka gano shi ne, ko da yake baƙar riga ta fi fara zuƙar zafi, zafin da ke isa ga fatar mai ita bai fi na mai farar ba, muddin rigar tana da yalwa, domin iskar da ke kai da komo tsakanin tufa da jiki tana kwashe shi. Hamada dai ba Lafiya ba ce, a can gumi na bushewa nan take, a nan kuwa laima na hana shi. Amma darasin yana nan: riga biyu masu yalwa na auduga sun fi guda ɗaya matsattsiya ta roba sauƙi a jiki. Auduga tana shan gumi ta sake shi, yadin roba kuwa riƙe shi yake yi kamar leda.

A nan ne abin takaici yake. Ƙasar da ke noma auduga, wadda ta kafa masaƙar zamani a Kaduna tun 1957, ta wayi gari masaƙunta sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe ƙofa a 2007. Yau mafi yawan yadin da ke zuwa mana daga Kantin Kwari na Kano ko daga Anaca na ƙasar Sin ne, mai arha, mai sheƙi, marar numfashi. Yarinyar da ke gumi cikin hijabi ba kunyarta ce ke azabtar da ita ba, mutuwar masana'antunmu ce. Wadda kuma ta tsaya ta murza yadi da yatsa kafin ta saya, ta zaɓi rigar ciki ta auduga, ta sa tela ya buɗa mata hammata, ta rage tsawon gyale ranar da za ta hau acaɓa don kada ƙafar babur ta naɗe shi ta fizgo ta ƙasa, kamar yadda ya sha faruwa a titunanmu, wannan ba ta yi wa kunya tawaye ba. Ta ba jikinta haƙƙinsa ne ba tare da ta tauye na kunya ba, kuma wannan shi ne hankalin da muka ambata.

Maganar dattijon ta fi wuyar amsawa, don haka za mu daɗe a kanta. Hujjarsa ita ce: an yi lulluɓi don a kawar da ido, an yi ado don a jawo ido, yaya za a yi abu ɗaya ya yi aiki biyu masu karo da juna? Ba za mu yi musun cewa akwai gaskiya a ciki ba. Mun ga abayar da aka cika da duwatsu masu walƙiya aka ɗaure ta tamau a ƙugu, mun ga gyalen da ya fi kama da gidan sauro, mun shaƙi turaren da ke riga mai shi shiga aji ya kuma daɗe bayan ta fita. Irin wannan shiga sunan sutura kawai ta ara, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Malamai suna da suna ga wannan, suna kuma da hujjojinsu, ba mu zo jayayya da su ba.

Inda muka rabu da dattijon shi ne zatonsa cewa duk ado don idon namiji ake yin sa. Wannan zato ya fi bayyana yadda maza ke ɗaukar kansu da muhimmanci fiye da yadda ya bayyana halin mata. Tsohuwar da ke shafa kwalli ta ɗaura kallabinta da kyau alhali ba ta fita ko zaure, wa take jawowa? Mace takan yi ado don 'yan uwanta mata, waɗanda su ne suka san darajar ɗinki da dacewar launi. Takan yi don girmama wurin da za ta, kamar yadda matan zumunta ke fitowa ranar Lahadi cikin atamfa iri ɗaya da ɗauri mai kyau. Takan yi, fiye da komai, don ta ji a ranta cewa ita mutum ce mai daraja, ba buhu ba. Musulmin cikinmu sun san cewa a Suratul A'araf, aya ta 26, an ambaci tufa da amfani biyu a jere, rufe tsiraici da kuma ƙawa, sannan aka fifita tufar taƙawa a kan duka. Ba a ce a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. Shi kansa dattijon, ranar da ya yi wannan magana, shadda ce a jikinsa mai aiki a wuya, ta sha guga, hularsa zanna bukar ta dace da ita. Da wani ya ce masa talla yake yi, da ransa ya ɓaci, kuma da yana da gaskiya.

Saboda haka muna ganin iyakar ba tsakanin ado da rashinsa take ba. Tana tsakanin adon da ke cewa ga mutum, a girmama shi, da wanda ke cewa ga jiki, a taya. Babu ma'aunin tela da zai iya shata wannan iyaka da inci. Mace biyu za su sa abaya iri ɗaya, ɗaya ta fito da kamala ɗaya ta fito da akasinta, domin tafiya da kallo da murya duk suna cikin sutura. Wannan ne ya sa dokokin shiga da jami'o'i da dama suka kafa, ko da yake suna da amfaninsu wajen hana abin da ya wuce gona da iri, ba za su iya haifar da kunya ba. Mai gadi zai iya auna tsawon siket, ba zai iya auna niyya ba. Duniya ma ta nuna mana ƙarshen masu son su yanke wa mace hukunci da ƙarfin hukuma, ta kowane ɓangare. Faransa ta hana ɗalibai sa lulluɓi a makarantun gwamnati a 2004, ta ƙara da abaya a 2023. A Iran kuwa mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan ɗa'a a 2022, bayan an kama ta kan zargin rashin rufe kai yadda ya kamata, ta tayar da zanga-zangar watanni. A nan gida sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin ta tabbatar, a 2022, cewa ɗalibai Musulmi a makarantun Jihar Legas suna da 'yancin sa hijabi. Mai fizge mayafi da mai ɗora shi da bulala sun yi tarayya a abu ɗaya: dukansu ba su yarda mai mayafin tana da hankalin kanta ba. Halin kirki kuwa ba ya zama hali sai mai shi yana da zaɓi.

Akwai wata fuska ta wannan al'amari da masu wa'azi da masu boko duk sukan tsallake, ita ce aljihu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin atamfa da na ɗinki suka yi tashin gwauron zabo, ɗalibai da yawa kuwa 'ya'yan manoman doya da riɗi ne daga Doma da Obi da Awe da Keana, ko 'ya'yan ƙananan ma'aikata. Mun san ɗakunan kwana inda yarinya ke da doguwar riga biyu kacal, baƙa da ruwan toka, da gyale uku ko huɗu, da kimono guda da aka ɗinka daga ragowar turmin mahaifiyarta, da wata rigar sama da ta tsinta a gwanjo. Da waɗannan za ta yi mako biyu ba ta maimaita kama ɗaya ba. Yau baƙar riga da gyale ja, gobe ita dai baƙar rigar amma an rufa mata kimono, jibi ruwan tokar da ɗankwalin atamfa. Wanda ya gan ta sai ya ce akwatinta cike yake. Shin wannan yaudara ce? Mu dai ba mu ga haka ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira rufin asiri, kuma shi ne ma'anar sutura ta asali. Yarinyar ta rufe jikinta, ta kuma rufe talaucin gidansu, ba ta roƙi kowa ba, ba ta ci bashi ba, ba ta bi wata hanyar banza ba. Dabarar haɗa kaya ta zame mata katanga.

Idan akwai kishiyar kunya ta gaskiya a sha'anin tufa, to a nan take, sunanta taƙama. Abayar da kuɗinta ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci tana rufe jiki sarai, babu malamin da zai ga aibinta, amma idan an sa ta don a nuna wa ta kusa cewa ba ajinsu ɗaya ba, to ta tona asirin wata yayin da take rufe na mai ita. Haka ankon biki, wanda ake tilasta wa ƙawaye saye ko da za su kwana da yunwa, wadda ba ta yi ba a nuna ta da baki. Har kamfanonin duniya sun gano akwai riba a nan: Dolce & Gabbana ya fitar da abayoyinsa a 2016, Nike ya fitar da hijabin 'yan wasa a 2017, wayoyinmu kuma cike suke da hotunan masu tallar sutura a Instagram da TikTok, kowace da sabon yayi duk mako. Ba ma ƙin kasuwa, amma kasuwa ba ta cin riba sai ta sa mutum ya raina abin da yake da shi. Mun fi jiye wa 'yarmu wannan fiye da launin gyalenta, ga shi kuwa ba mu cika jin an yi huɗuba a kansa ba.

Mu ma masu kallo akwai tambaya a kanmu. A Suratun Nur an umurci maza su runtse ido a aya ta 30, kafin a zo kan mata da mayafinsu a aya ta 31. Mun haddace ta biyun, mun yi wa ta farkon riƙon sakainar kashi. Saurayin da ya zazzago wando ya zauna bakin hanya yana bin kowace mace da ido da baki, shi ne kuma zai fi kowa ɗaga murya kan lalacewar tarbiyyar 'yan mata. A gari irin Lafiya, inda Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani da Hausawa da Barebari ke cin kasuwa ɗaya, suke zama benci ɗaya a Jami'ar Tarayya tun da aka buɗe ta a 2011, ba zai yiwu kowa ya yi shiga iri ɗaya ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai hijabi har ƙasa takan ji ana ce mata 'yar ƙauye, mai wando da ɗankwali takan ji ana ce mata 'yar iska, kuma sau da yawa bakin mata 'yan uwansu ne ke faɗa. Wanda ya yi wa mace irin wannan suna saboda ƙyallen da ke jikinta ya yaye mata suturar da ta fi ta ƙyalle tsada.

Da la'asar ta yi mun sake ganin ɗalibar nan ta farko a bakin masallacin mata. Ta buɗe jakarta ta zaro wani hijabi marar nauyi da ke naɗe a ƙarƙashin littattafai, ta zura shi bisa duk abin da ke jikinta, atamfar da gyalen suka ɓace, ta shiga sahu kusa da mai ruwan tokar har ba a iya bambanta su ta baya. Da aka sallame ta ninke shi ta mayar, ta gyara fil ɗinta a gilashin taga. Hadari ya haɗo daga gabas, keke ya yi wuya, sai ta tsayar da ɗan acaɓa. Kafin ta hau ta tattara gefen kimonon da bakin gyalen ta cusa a ƙarƙashin cinyarta, ta ce masa, “Malam, a hankali don Allah,” suka nufi cikin gari.